Sa Hannu Uku

Ƙarfe goma na safe, ƙanƙara na zuba, Yesenia ta shigo ofishin kwaleji da ɗanta a kafaɗa. Ta dire takardar barin karatu a gaban Madam Pruitt, magatakarda.

"Na haƙura, Madam. Mota ta mutu, ba mai riƙe min yaro, firij kuwa sai iska."

"Allah raka taki gona," in ji Madam, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Amma doka ce, sai kin samo sa hannu uku daga ofisoshi uku."

A ofis na farko aka cusa mata katin bas kyauta. A na biyu aka cika mata jaka da taliya da wake. Na uku ɗakin renon yara ne, ɗanta ya ga kayan wasa, ya manta da uwarsa.

Ta rasa dalilin barin karatu, sai ta lallaɓa aji, ta raɗa wa Delroy, ɗan ajinsu direban tirela da ke gefenta, labarin dokar sa hannu uku.

Ya ƙunshe dariya. "Ƙanwata, babu wannan dokar. Rabin ajin nan haka tsohuwar nan Madam Pruitt ta yi mana."

Ya turo mata littafinsa ta kwafi abin da ya wuce ta.