Baƙaƙen Wayoyi Biyu a Falon Alhaji

Ashiru, ajiye makullin babur ɗin nan ka zauna. Na ji ka ce za ka je ka yi wa makanikenka tatas a gaban yaransa. Saurari wannan tukuna, in ya so sai ka tafi.

An yi wani Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, ya gina gida a sabuwar unguwa can bayan gari, inda wayar salula ba ta kama sabis sai mutum ya hau katanga. 'Yarsa tana aure a ƙasar waje. Da ta haifi ɗanta na fari, aka yi da ita cewa ranar suna za ta nuna wa dangi jaririn ta bidiyo. Sai Alhajin ya kira wani magidanci wanda sana'arsa ke nan, ja wa gidaje intanet. Mutumin ya jawo wata baƙar waya daga falwaya, ya ratsa da ita ta tagar falo, ya murɗa bakinta a bayan wani ɗan akwati da ake kira modem, sannan ya haɗa akwatin da kwamfutar Alhaji ta tafi-da-gidanka da wata shuɗiyar waya. Fitilun akwatin suka kama koraye, hoto ya fito tangaran. Da zai tafi ya roƙi Alhaji cewa in ana son gusar da akwatin a kira shi, ba nisa gare shi ba.

Ranar suna da hantsi, Alhaji ya ga teburin da aka ɗora akwatin a kai ya tare inda zai shimfiɗa wa baƙi darduma. Ya ce a ransa, shi da ya shekara talatin yana juya ofis, ba zai kira wani ya ɗaga masa akwatin da bai kai faranti ba. Ya kwance komai, ya ja teburin kusa da talabijin. A nan ya ga wata baƙar waya tana reto, bakinta iri ɗaya da na waccan, ya murɗa ta ciki ya kaɗe hannu. Ashe ta eriyar talabijin ce; ta intanet tana can yashe a bayan labule. Baƙi suka cika falo, surukai a gaba, mata suna leƙe daga tsakar gida, uwargida ta ci kwalliya tana jiran ganin jika. Allo kuwa shiru, sai fitila ɗaya ke ƙyaftawa. Alhaji ya danna nan ya danna can har gumi ya jiƙa masa hula. Da ido ya yi masa yawa, sai ya kira mai aikin a waya, ya buɗe murya kowa na ji. Ya kira shi macuci, ya ce ya kawo masa gwanjo da sunan sabo, ya juya ga maƙwabta ya gargaɗe su kada wanda ya kuskura ya ba shi aiki. Uku daga cikinsu kuwa sun riga sun yi da mai aikin zai zo musu a makon.

Mutumin ya iso ya yi sallama, ba wanda ya amsa da kyau. Ya durƙusa bayan tebur, ya kama baƙar wayar, ya bi ta da yatsu har ta kai shi ga eriya. Ya ɗago kai suka haɗa ido da Alhaji, nan take Alhaji ya gane abin da ya aikata. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mai aikin ya juya wa jama'a baya yadda ba mai ganin hannunsa, ya zaro wayar gaskiya daga bayan labule ya ɗaura, ya miƙe ya ce, "A yi haƙuri, Alhaji. Ni ne ban ɗaure ta da kyau ba." Jariri ya bayyana a allo, mata suka rangaɗa guɗa. Kowa ya ga jikan nan ya more, ban da kakansa, wanda idonsa ke kan darduma.

Maƙwabtan nan uku suka fasa aikin. Kullum a majalisa sai su yaba wa Alhaji, wai ba don shi ba da tuni an yi musu sakiyar da ba ruwa. Shi kuwa kowane yabo kamar an ɗora masa garwashi. Abinci ya daina shiga, ya koma bin wata hanya don kada ya wuce ta ƙofar shagon mutumin. Kwana tara yana haka. A na goma, bayan sallar la'asar, ya tsayar da maƙwabtan a ƙofar masallaci ya faɗi gaskiya. Daga nan ya wuce shagon da ƙafa, ya tambayi mutumin me ya sa ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Mutumin ya ce ya ga furfura ce a gaban surukai, ya kasa tona masa asiri. Biyu daga maƙwabtan suka dawo masa da aiki. Na ukun ya riga ya ba wani. Har yau Alhaji ba ya iya kallon bidiyon da aka ɗauka ranar sunan nan, domin ba kukan jikansa yake ji ba, muryar kansa yake tunawa.

Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.