Sunaye Uku a Takardar Koke

Mai Yanka mutum ne da ko sannu ka yi masa sai ya nemi dalili. Shekara tara yana kan injin yankan yadi a kamfanin ɗinki, bai taɓa sakin jiki da kowa ba, har ƙanin matarsa da ke guga a gefensa.

Wata biyu ke nan da karyewar murfin wuƙar injin. An yi magana, manaja ya ce ya ji. Sai Doguwa, mai sa maɓalli, ta kawo dabara: a rubuta takardar koke, kowa ya sa sunansa a kewaye kamar zobe, don kada a gane wanda ya fara.

"Yaya, kai abin ya fi shafa," in ji ta. "Hannunka ne a bakin wuƙar."

Ya kalli takardar, ya kalle ta. "Bari in yi tunani."

Tunanin nasa kuwa guda ɗaya ne: sau biyu ya ga Doguwa ta fito daga ofishin manaja tana murmushi. Lokacin cin abinci ya ja ƙanin matarsa gefe.

"Wannan zoben tarko ne. Sunayenku take tarawa ta kai wa manaja. Ni dai ban ce komai ba."

Kafin a tashi aiki, "ban ce komai ba" ɗin nan ta zagaye kowane teburi. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna soke sunayensu. Daga arba'in aka koma uku, zobe mai suna uku kuwa ba ya ɓoye kowa. Doguwa ta daure ta kai takardar a haka. Washegari aka sallame ta tare da sauran biyun.

Ko a nan Mai Yanka bai saduda ba. "Shiri ne," in ji shi. "Za ku ga sun mai da ita."

Ba a mai da ita ba, ba a kuma gyara murfin ba. Bayan mako uku wuƙar ta ɗauke masa yatsu biyu na hannun dama. Kamfani ya aiko masa da takarda har gadon asibiti, wai sakacinsa ne, kuma ba a bukatarsa.

A asibitin ya hango Doguwa tana tura wata tsohuwa a keken marasa lafiya. Ta tsaya ta yi masa sannu.

"Mahaifiyata ce," in ji ta. "Izinin kawo ta nake shiga nema a ofishin manaja."

Kunya ta hana shi ɗaga kai. Da ƙanin matarsa ya zo dubiya, ya roƙe shi ya tara mutane su shaida cewa injin ne ba lafiya.

"Yaya, wa zai sa hannu? Yanzu kowa tsoron kowa yake ji."

Jama'a, zargin da ba hujja shi ke wargaza haɗin kan ma'aikata. Kafin ka ɓata mai nema muku haƙƙi, ka bincika, domin ranar da ta same ka, abokan aikin nan su ne shaidunka.