Zinariya a Tafin Hagu

Da matarsa ta miƙo tafin hannunta na hagu, sai ya gane hannun ya tuna abin da tsufa ya shafe mata. Yau bikin kyandir ne, ranar da gidajen Faransa ke wulla fanke sama a cafe da kasko, da zinariya damƙe a hagu, don shekara ta yi albarka.

Tun aurensu take roƙon aron guda cikin tsabar zinariyar sarakunan da yake tarawa, yana hana ta, wai gumin hannu na cinye fuskar sarki. Da maɓallin riga damƙe a hagu take suyarta.

Ya buɗe akwatin gilashi, ya ɗauko wadda ya fi ji da ita, ya ɗora mata a tafi mai maiƙon man shanu.

Ta dubi zinariyar, ta dube shi kamar baƙo.

"Rufa mini asiri ka mayar, bawan Allah. Maigidana ko numfashi ba ya bari a yi a kansu."

Ya naɗe mata yatsu a kai, a hankali.

"Soya abinki, Madam. Shi ya aiko ni. Ya ce a ba ki haƙuri, ya makara."