Kalwar Kuluwa a Kan Ƙirare

Kai da ka zauna kana ta tsaki wai abin hannunka ya yi kaɗan, gyara zama ka ji na Kuluwa mai daddawa, sannan ka zo ka gaya wa mutane gajiya.

Kuluwa tsohuwa ce a wani ƙauye, mijinta ya rasu ya bar mata ɗorawa guda ɗaya a gona. A jikinta take samun kalwa, da kalwa take yin daddawa, da daddawa take ci. Wanda bai taɓa dafa kalwa ba bai san taurin kai ba. Ƙwaya ce kamar tsakuwa, sai ta wuni tana tafasa kafin ɓawonta ya yarda ya saki. Tun kaka da kakanni da manyan itatuwa ake wannan aiki, a tura gungume a murhu a tafi wata sabga. To, sai daji ya ƙare. Masu gawayi suka bi marke da ƙirya suka share tas. Kuluwa takan fita da hantsi, ta dawo da la'asar da ɗan abin da bai wuce tuƙa tuwo ba, ƙafa duk faso.

Ɗanta Sallau, magidanci da iyalinsa, abin ya ishe shi. Ya wasa gatari ya jingine a bakin zaure. "Inna," ya ce, "ɗorawar nan itacen shekara guda ce cur. In tukunyar da za ki ɗora ba ta nuna ba, kashegari zan kayar da ita, ki huta da yawon daji." Ba mugunta ba ce, wallahi, tausayi ne, amma irin tausayin da ke yanka kaza mai ƙwai don a yi wa mai ita romo. Kuluwa ta san in ɗorawa ta faɗi za ta yi shekara tana da wuta, sauran kwananta kuma ba ta da abin ɗorawa a kai. Lokacin sassabe ne, manoma sun sare sabara da kalgo sun tara a gonaki, ƙiraren sun bushe, jira kawai ake a cinna musu wuta. Ta bi gona-gona tana roƙon a bar mata, ta yi ta jido ƙirare dami-dami, babu wanda ya kai kaurin babban yatsa. Matan unguwa har da shewa, wai Kuluwa za ta dafa kalwa da tsinken sakace.

Da gari ya waye ta ɗora tukunya, ta yi abin da hannunta ya saba. Ta rungumo ƙirare ta danna a murhu kamar gungume, ta juya ta tafi ɗebo ruwa. Wuta ta tashi bal-bal, ta lashi gefen tukunya, iska ta kwashe zafin. Kafin ta dawo sai toka fara fat, ruwan kalwa ko ɗumi bai gama yi ba. Ta sake dannawa, aka sake maimaitawa. Sai da rabin tarin ya tafi a banza sannan ta tsaya ta dafe ƙugu, hawaye na zuba, na hayaƙi da na takaici. A nan ta gane su ƙirare ba a ba su aiki a tafi, sai an zauna musu. Ta kwaɓa laka ta toshe tsakanin duwatsun murhu, ta bar baki ɗaya. Ta kakkarya ƙiraren guntu-guntu, ta jawo kujera ta zauna. Ta sa kaɗan, su ci, ta ƙara kaɗan. Iyakar dabarar ke nan, babu wata.

Haka ta wuni. Ana biki a maƙwabta, kalangu na tashi, aka yi ta aiko mata, ba ta je ba. Azahar ma a gindin murhu ta yi ta, tana sallamewa ta miƙa hannu ga ƙirare. Baya ya riƙe, idanu suka yi jawur. Ta tsamo ƙwaya ta matsa, tsakuwa. Bayan la'asar ta sake matsawa, har yanzu tsakuwa. Tari sai raguwa yake, ga gatari can tana hangen ƙyallinsa. Ta gaji, gajiyar da har kuka ba ya fita. Ta ce a ranta, in sun ƙare sun ƙare, amma ba za a ce ita ce ta tashi ba. Rana na gab da faɗuwa, saura ɗan abin da hannu ɗaya zai damƙe, Sallau ya shigo ya tsaya a kanta. Ta tsamo ƙwaya ta miƙa masa, don nata yatsun sun mutu, ba sa jin komai. Ya murza. Ɓawo ya saɓule, ƙwaya ta rabu biyu, laushi kamar dafaffen wake. Ya daɗe yana kallon yatsunsa, sannan ya fita, ta ji lokacin da ya jefa gatarin ƙarƙashin rumbu.

Ko murmushi ta kasa. Sai da ya dawo ya kama ta sannan ta iya miƙewa. Ta ce, "Gobe in ka je gona, kar ka ƙona sabarar nan. Ka ɗauro mini."

Ɗorawar tana nan tsaye, duk bazara tana zuba. Aikin kuwa bai taɓa yin sauƙi ba, kar wani ya ruɗe ka, kowace tukunya sai ta wuni a gindinta. Amma ba ta rasa abin dafawa ba har ƙarshen ranta. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.