Amanar Kifin Hajiya

Ruwan gwajin ya sake yin ja. Malam Jamaluddeen ya ɗaga 'yar kwalbar saitin taga, ya jujjuya ta, ko za ta ji kunyarsa ta koma fari. Ta ƙi.

Bakinsa ne ya ja masa. Ranar da surukinsa Alhaji Nagoda zai tafi Umra, ana neman mai kula da kifayen tekun da ke cikin akwatin gilashi a falo, shi ya bugi ƙirji a gaban 'ya'yan gidan kaf.

"Baba, a bar mini. Kifi kuma har wani abu ne?"

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau, ya nuna wani shuɗi mai rawayar wutsiya. "Wannan marigayiya Hajiya ce ta zaɓe shi da hannunta. In dawo in same shi."

To ga shi nan. Kashin kifi da ragowar abinci sun ruɓe sun zama wata guba wai ita naitiret, mai sa ruwan gwaji ya yi ja, gansakuka ta lulluɓe gilashin, shuɗin ya daina cin abinci. A canja ruwa? Gishirin teku ya ƙare, sai an aiko daga Legas. Mai sayar da gishirin ne ya ba shi laƙani a waya: farar barasa, ɗigo kaɗan kullum. Ƙananan halittun da ke cikin ruwan su sha, su hayayyafa, su cinye dattin.

Barasa! A hannun mutumin da duk Tudun Wada ta sani a sahun farko! Duniya ba ta san darajar manya ba. Haka ya je Sabon Gari da takunkumi har ido, ya sayo, ya dawo gida, ya cusa kwalbar a aljihun wata tsohuwar babbar riga. Kowace safiya sai ya kulle ɗaki, ya toshe hanci don ko warinta kada ya ratsa shi, ya zuƙa da sirinji, ya yi istigfari, ya nufi gidan Alhaji kamar mai ɗauke da bom.

Matarsa Rauda kuwa ta shiga lallaɓa shi. Ta dama kunu, ta tsura wa idanunsa ido, ta ce, "Malam, ya ƙarfin jiki?" Shi dai ya san kyansa ne ya dawo mata sabo.

Ya ƙara ɗigo, ja. Ya ninka, ja wur. Ya kira Legas, mutumin ya tuntsire da dariya. "Oga, ko dai kai kake shanyewa?" Jamaluddeen ya kashe wayar.

Ranar dawowar Alhaji, shuɗin ya kwanta a karkace bisa yashi, bakinsa kaɗai ke motsi. Aka yi hon a ƙofar gida. Yara suka ruga da "Oyoyo Baba!" Jamaluddeen ya tsaya a zaure, gumi na bin ƙeyarsa, yana haɗa kalmomin da zai fara da su suna tarwatsewa.

Rauda ta kamo hannun rigarsa, ta yi ƙasa da murya. "Malam, bar rawar jikin nan. Ban faɗa wa Baba ba."

"Ashe kin ga kifin?"

"Wane kifi? Kwalbar nan nake nufi. Tun ranar da ka shigo da ita na tuttular a masai, na cika maka ita da ruwan tofi, kuma alhamdulillahi, kullum kana sha, ko sau ɗaya ban ga ka yi tangaɗi ba."