Igiya Biyu Har Ritaya

Shekara ashirin da tara Kofur Dogo ya yi yana aikin ɗan sanda, amma igiya biyu ce tal a hannun rigarsa. Bai taɓa tambayar dalili ba.

Ranar da aka turo sabon sufeto ofishinsu, Dogo ya ƙame ya sara masa. Sufeton ya ƙura masa ido.

"Dogo! Ba kai ne mai munsharin nan ba, lokacin muna kurata?"

Suka yi dariya, suka tafa. Da Dogo ya ba matarsa labari a gida, sai ta ajiye tsintsiya.

"Baban yara, rana ɗaya kuka shiga aiki, shi sufeto, kai kofur. Ya aka yi haka?"

"Rabo ne."

"To rabon naka a ina ya maƙale? Ka taɓa dubawa?"

Tambayar ta yi ta cin sa kwana uku. A na huɗu ya shiga ɗakin fayil, inda wata tsohuwar akawu ke zaune tsakanin durowoyin ƙarfe.

"Yaya, wai da me ake auna ƙarin girma?"

"Da ranar shiga aiki. Jeri ne, na gaba ya wuce, na baya ya matso."

"Ni ina nake a jerin?"

Ta jawo fayil ɗinsa, ta gyara tabarau, ta yi ta bin layi da yatsa. Can ta tsaya.

"Lokacin da aka yi maka canjin wurin aiki, mai buga takarda ya sa ranar canjin a gurbin ranar shigarka. Shekara goma sha ɗaya sun zube."

Dogo ya dafa tebur. "Ba wanda ya faɗa mini!"

"Duk shekara muna manna jerin a allon bakin ƙofa, a ba mai ƙorafi wata guda."

"Allon da nake jingina kekena?"

"Shi fa."

Ya rubuta takardar neman gyara a ranar. Sai dai kwamitin hedikwata sau ɗaya yake zama a shekara, ya kuma riga ya tashi. Shi ko Dogo saura wata huɗu shekarunsa na haihuwa su kai na ajiye aiki. A kofur ya yi ritaya, fanshon kofur yake karɓa.

Jama'a, haƙuri ba shi ne rufe ido ba. Ka san dokar aikinka, ka duba abin da aka rubuta a kanka, ka yi tambaya tun da sauran lokaci.