Mai Rangwame

Mai Kula ta sake rage kuɗin filas, ta kife wayarta a kan kantar shago, ta jira. Kafin shayinta ya huce, Mai Rangwame ya rage nasa.

Haka suke tun da ta fita takaba. Shagon kuloli da filas ne, ita da mijinta suka tashe shi daga kwali ɗaya. Da katafaren kamfanin nan na intanet ya kwashe masu saye, layin ya mutu a tsaye: mai agogo ya rufe, mai labule ya koma tuƙi. Mijin ya yi ta fita da kwalaye, yana cewa akwai dabarar da yake ƙullawa, sai dabarar ta nuna zai faɗa mata. Ciwo bai bar shi ya faɗa ba. Ta nemi kwalayen har ta gaji.

'Yarta ce ta buɗe mata shafi a kamfanin. "Umma, inda mutane suka koma, can ake bin su."

Can ta tarar da Mai Rangwame. Ba fuska, ba adireshi. Kamfanin ke ajiye masa kaya, kamfanin ke kai wa mai saye. Duk abin da ta sa, yana da irinsa, kuma kullum yana ƙasa da ita da ɗan abin da ko ashana ba zai saya ba. Wannan ɗan abin ya isa. Sunansa a sama, nata a ƙasa, wa ke duba ƙasa?

Ta sayar da 'yan kunnenta ta biya haya. Ta sayar da firij. Ta koma sayar da kula ƙasa da yadda ta saro ta, shi ma ya bi ta ko gezau. Ba ya barci, ba ya zuwa jana'iza. Bayan kowace salla addu'arta biyu ce: rahama ga mijinta, shi kuwa wancan Allah ya isa.

Abin da ya rage mata na marigayin wayarsa ce, a aljihun kantar shago. Ba ta san lambar buɗewa ba. Tana dai sa mata caji don hotonsa da jikarsu da ke fuskar. Ta cika ƙugi, wayar. Masu talla ba su san an mutu ba.

Ranar da mai ginin ya kawo wani yana auna ƙofa, wai kamfanin na neman wurin ajiye saƙonni, ta kira 'yar.

"Sayo min filas ɗaya a wurin la'anannen nan. Ko a kwali ne in ga sunan ubansa."

"Umma, da wane kuɗin?"

"Da na cefane. Danna, na ce!"

'Yar ta danna. Aljihun kanta ya yi ƙugi.

'Yar ta jawo shi, ta ƙura wa wayar ido. Sai da uwar ta daka mata tsawa sannan ta karanta saƙon da ya rufe fuskar mahaifinta:

"Mai Rangwame, an sayi filas ɗinka. Umarnin da ka bar wa na'ura yana nan yana aiki: kullum ƙasa da kowa."